Motar ƙwalisa babu safaya: kayan facin da ya kamata su kwana a but kafin a hau doguwar hanya

Da yawa daga cikin matasan da ke yawo da motocin nan masu ƙasa-ƙasa a titunan Yamai, Maraɗi da Damagaram ba su taɓa ɗaga shimfiɗar but ɗin motarsu ba. Sai ranar da taya ta sace, a gefen hanya, suke gano cewa a wurin da aka saba ganin safaya babu komai sai wata ƴar kwalba da ɗan ƙaramin injin iska. Wani lokacin ko su ma babu, rami ne kawai, ko batir.

Ba dillali ne ya cire tayar ba, haka motar ta fito daga masana'anta. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta bayyana a shekarar 2017 cewa kashi 28 cikin 100 na sababbin motocin wannan shekarar ba sa zuwa da safaya. Kamfanoni na cire ta ne don rage nauyi da shan mai da kuma samun wuri, tun da taya da jak da sifana sukan kai kilo 15 ko fiye. Motocin gudu, waɗanda matasa ke kira sipor, su ne kan gaba a wannan sauyi. Porsche 911 ta daina zuwa da safaya tun ƙirar da ta fito a 2004. Akasarin BMW da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 2000 haka suke, su ma Chevrolet Camaro da Ford Mustang na baya-bayan nan galibi kwalba da injin iska ake sa musu.

A Jamus ko Faransa wannan lissafi ya yi daidai, domin waya ɗaya direba zai buga motar janwe ta zo ta same shi. Amma waɗannan motoci, bayan sun yi shekaru a can, su ne ƴan'uwa mazauna waje ke turowa gida ko ƴan kasuwa ke shigowa da su, a da ta tashar Kwatano, tun bayan rufe iyaka da Benin a 2023 kuma galibi ta Lome. Motar da aka tsara don titin da ke da masu agaji a kowane lungu sai ga ta a kan hanyar ƙasa mai lamba 1, inda daga Yamai zuwa Maraɗi ake cin kusan kilomita 660, zuwa Damagaram kuma kusan 900.

Tayar da ba ta da tsoka

Matsalar ta fara ne daga siffar tayar kanta. Lambobin da ke jikin kowace taya suna faɗin komai ga wanda ya iya karanta su. A tayar Toyota Corolla mai lamba 195/65 R15, faɗin tayar milimita 195 ne, tsayin gefenta kuma kashi 65 cikin 100 na wannan faɗi, wato kusan milimita 127. Tayar Hilux mai 265/65 R17 gefenta ya kai milimita 172. Amma tayar baya ta wata BMW mai 255/35 R19 gefenta bai wuce milimita 89 ba. Wannan ɗan siririn roba shi kaɗai ne tsakanin janti da kwalta.

Idan irin wannan taya ta faɗa rami da gudu, bakin ramin yakan matse robar a jikin janti har zaren ciki ya tsinke. Ko dai ta tsage nan take, ko ta fito da ƙulu a gefe wanda zai iya fashewa a kowane lokaci. Jantin alminiyom kuma yakan lanƙwashe ko ya tsage, iska ta riƙa zurarewa ta bakinsa. A nan babu kwalba ko igiyar faci da za ta yi magani. Ya kamata a san wannan tun farko, domin duk kayan da za a ambata a ƙasa aikinsu ɗaya ne: toshe hujin ƙusa, waya ko ƙaya a saman taya, wurin da ke taka ƙasa, kuma hujin da bai wuce milimita 6 ba.

Irin wannan hujin kuwa shi ya fi yawa. Ƙusoshin da ke zubowa daga amalanke, guntayen ƙarfe a bakin kasuwanni, da ƙayar aduwa ko ta bagaruwa ga wanda ya sauka daga kwalta don kauce wa babbar mota ko don neman inuwa, duk sun isa su tsayar da tafiya.

Mai faci na gefen hanya, wanda ya saba da babur da Hiace da tayar tirela, ba lallai ne ya iya taimakawa ba, kuma ba laifinsa ba ne. Da ƙarfe da guduma yake cire taya daga janti. Tayar da gefenta gajere ne kuma mai tauri sai da inji take fita lafiya. Idan aka matsa mata da ƙarfe, ana iya cin bakin janti, a yaga leɓen tayar, ko a karya ƴar na'urar auna iska da ke maƙale a bayan bawul. Wannan na'ura ta zama dole a sababbin motoci a Amurka tun 2007, a Tarayyar Turai kuma tun watan Nuwamban 2014, don haka kusan duk motar da ta fito daga can bayan waɗannan shekaru tana ɗauke da tsarin da ke gargaɗin raguwar iska, kuma a da yawa daga cikinsu na'urar a cikin taya take.

Kwalbar da ta zo da mota

Ruwan da ke cikin kwalbar nan wani irin danƙo ne da ake turawa cikin taya ta bawul, ya bi iska zuwa wurin hujin ya daskare. Yana aiki, amma yana da wa'adi, kuma an rubuta shi a jikin kwalbar. Motar da ta yi shekara takwas ko goma a Turai kafin ta iso Nijar, sannan ta sha zafin watan Afrilu da Mayu a rufe cikin but, da wuya ruwanta ya ci gaba da amfani. Wanda bai duba kwanan watan ba ya ɗauka yana da kariya alhali kwalbar banza yake ɗauke da ita. Kuma sau ɗaya ake amfani da ita.

Akwai ƙa'idar da mutane ke yawan saɓawa: idan da wannan ruwan za a yi aiki, ba a cire ƙusar. A bar ta a wurinta, a tura ruwan, a hura iska, a tayar da mota nan take domin juyawar taya ce ke watsa shi. Littattafan Volkswagen da Mercedes sun ce bayan tafiyar kamar minti 10 a tsaya a sake aunawa. Idan iskar ta yi ƙasa da bar 1.3, facin bai kama ba, kada a ci gaba. Idan ya kama, gudun kada ya wuce kilomita 80 a awa har a isa wurin gyara.

Illarsa ita ce yana ɓata cikin taya da janti, yana iya toshe na'urar auna iska, kuma sai an wanke shi tas kafin faci na gaskiya ya kama. Shi ya sa ya fi kyau ya zama dabara ta ƙarshe.

Dabara ta farko ita ce igiyar faci, wadda masu tayar tubles suka sani sarai. Kayan ba su da yawa: ƴan igiyoyi masu danƙo, tsinken ƙarfe mai kaushi na gyara bakin huji, da wani mai ido kamar basilla na cusa igiyar. A nan ne ake cire ƙusar, da filaya, bayan an riga an zura igiya a idon basillar don kada iska ta ƙare ana laluben kaya. A soka mai kaushin a juya shi sau da yawa ta hanyar da ƙusar ta bi, a cusa igiyar har kusan kashi biyu cikin uku su shige, a fizge basillar, a yanke abin da ya rage da reza, a hura iska. Ɗan ruwan omo a kan wurin zai nuna ko akwai sauran zurara.

A faɗe abu ne mai sauƙi, a aikace yana son ƙarfi. Tayoyin gudu suna da wayoyin ƙarfe masu tauri a ƙarƙashin roba, kuma masu mariƙin roba na arha sukan karye a hannu, har su ji wa mutum ciwo. A nemi mai mariƙin ƙarfe. Sannan tun da tsakanin taya da jikin irin waɗannan motoci ko hannu ba ya shiga sosai, sai an gangara da motar kaɗan-kaɗan har ƙusar ta fito ta baya inda za a iya kai mata, ta gaba kuma a murɗa sitiyari. Wanda bai taɓa gwadawa a tsohuwar taya a gida ba, zai sha wuya ya koya da tsakar rana tsakanin Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni.

Shi ma wannan facin na wucin gadi ne. Gyara na dindindin sai an cire taya an duba cikinta an manna faci daga ciki. Tayoyin da ke ɗauke da harafin W ko Y an yi su ne don gudun kilomita 270 da 300 a awa, kuma wasu kamfanoni ba su yarda a ci gaba da ɗaukar tayar da aka yi wa faci a matsayin mai wannan ƙarfin ba.

Iska, da yadda ake auna ta

Faci ba iska aikin banza ne, saboda haka injin iska mai aiki da batirin mota shi ne abu mafi muhimmanci a cikin jakar. Wanda ya zo da mota ya wadatar idan yana aiki, kuma hanyar sani ita ce a gwada shi a gida. A bar injin mota a kunne yayin hurawa don kada batir ya mutu, a riƙa ba shi hutu bayan kamar minti 10 domin yana zafi, a kuma ajiye fis guda biyu ko uku na wurin da ake jona shi, saboda ya saba ƙona su. Masu igiyar da ake maƙalawa kai tsaye a kan batir sun fi ƙarfi da sauri.

Ma'aunin iska na hannu ma ya shiga jakar. Adadin da motar ke buƙata yana rubuce a wata takarda a jikin ƙofar direba ko a murfin tanki, kuma sau da yawa na gaba daban, na baya daban. Abin da masu faci ke kira kilo shi ne bar a motocin Turai. Motocin Amurka kuma da PSI suke lissafi: bar 1 ya yi PSI 14.5, wato kilo biyu da rabi ya kama kusan PSI 36. Da safe ake aunawa, taya na sanyi. A kan kwalta mai zafi iskar takan ƙaru da kanta, kusan bar 0.1 ga kowane ƙarin digiri 10, kuma kuskure ne a sace ta a lokacin. Tayar da iskarta ta yi kaɗan ita ce ke yin zafi har ta fashe.

Wasu motocin suna da tayar da ke iya tafiya ko babu iska, saboda an ƙarfafa gefenta. Ana gane ta da haruffa kamar RSC, RFT, ZP ko SSR. Iyakarta a ƙa'ida kilomita 80, a gudun da bai wuce 80 ba. A Turai wannan ya isa a kai gareji. A nan, daga Maraɗi zuwa Damagaram kusan kilomita 240 ne, kuma ba kowane gari na tsakani ne ke da tayar inci 19 ba. Gara a tsaya da zarar fitilar gargaɗi ta kama, a toshe hujin a hura, domin idan aka yi doguwar tafiya a kanta babu iska cikinta yakan lalace, sai dai sabuwa. Akwai kuma tarkon da masu sayen mota ta hannu ke faɗawa: mai motar na farko ya riga ya sauya waɗannan tayoyi da na yau da kullum saboda arha, motar ta zo babu safaya, babu kwalba, babu jak.

Ɗan ƙarfen da ya fi komai ɓacewa

Motocin Turai da yawa suna da noti guda a kowace ƙafa mai kai na daban, wanda aka yi don hana satar janti. Ba ya kwancewa sai da wani ɗan ƙaramin makulli nasa. Tsakanin gidan mai motar na farko, jirgin ruwa, tasha da filin dillali, wannan ɗan ƙarfe yakan yi ƙafa. Idan babu shi, ko safaya goma aka ɗauko ba za a iya cire taya ba sai da walda ko kurfi. Mai turo mota daga waje zai yi wa ɗan'uwansa babban alheri idan ya cire wannan makullin ya aiko da shi daban ta hannun matafiyi, ko ma ya sa a musanya waɗannan notuna da na yau da kullum tun a can.

Sifanar da ke zuwa da mota gajeruwa ce, ba ta iya kwance notin da bakanike ya ɗaure da bututu ya hau kai da ƙafa. Doguwar sifana mai kai daidai da motar ita ce magani: BMW, Mercedes da Volkswagen galibi lamba 17, Porsche 19, Toyota 21. Shi kansa ɗaurin yana da iyaka. Tsofaffin BMW irin su E90 ma'aunin ɗaurinsu 120 ne, na baya-bayan nan 140, kuma akwai sifana ta musamman mai ƙara idan an kai adadin. Wuce gona da iri wajen ɗauri yana cin zaren noti.

Jak ma, ko kirik kamar yadda direbobi da yawa ke cewa, yana da nasa labarin. Motar da dama can a ƙasa take, idan taya ta sace sai ta ƙara kwantawa har jak ya kasa shiga. Guntun katako mai kauri yana maganin wannan: a ɗora tayar da ta sace a kansa, motar ta ɗan ɗago. Katako na biyu mai faɗi kuma a shimfiɗa a ƙarƙashin jak, domin gefen hanyoyinmu yashi ne, jak yakan nutse ko ya goce. Akwai wurare huɗu kawai da aka tanada don ɗagawa. A BMW da Mercedes wasu ƴan robobi ne a ƙarƙashin ƙofa. Wanda ya sa jak a wani wuri daban zai lotsa mota. A sassauta notuna tun mota na ƙasa, a ja birkin hannu, a tare wata taya da dutse, kuma ko da wasa kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

To, a sayi safaya mana? Ga mai yawan doguwar tafiya amsar ita ce e, sai dai ba kowace ce za ta shiga ba. Tsarin ramukan noti ya bambanta: tsofaffin BMW 5x120, Mercedes da Audi da sababbin BMW 5x112, Porsche 5x130, Mustang 5x114.3. Ko ramukan sun dace, manyan birkin motocin gudu sukan hana ƙaramin janti zama, don haka sai an gwada a gaba da baya kafin a biya kuɗi. Siririyar safaya tana son iska mai yawa, bar 4.2, ita ma iyakarta kilomita 80 a awa. Sannan a tuna da tayar da aka cire: ta fi safaya girma nesa, a wasu motocin ba ta shiga but, sai dai kujera. Babbar leda ko tsohon bargo zai ceci kujerar.

Kafin a tashi

Kusa da haruffan DOT a gefen taya akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanin Michelin ya ba da shawarar a riƙa kai taya a duba ta kowace shekara idan ta kai shekara 5, a kuma sauya ta idan ta kai 10 ko da zanenta bai cinye ba. Tayoyin gwanjo da ke kasuwa da yawa kyansu a ido ne kawai. Waɗanda ke da hoton dutse da ƙanƙara a gefe kuwa na hunturun Turai ne, robarsu mai laushi ce, kwaltar Tawa a watan Mayu ba wurinsu ba ne.

Yana da kyau lambar tayoyin, ta gaba da ta baya, ta kasance a rubuce a waya tare da lambar mai shagon da aka tabbatar yana da irinsu a Yamai, Maraɗi ko Kano. Idan ta ɓaci, ta kamfanonin bas ake aiko da taya, wato kwana ɗaya ko biyu a garin da ba a yi niyyar sauka ba. Wasu masu motocin sun hutar da kansu ta hanyar komawa janti mai inci 17 ko 18 da taya mai tsoka, idan birki ya bari. Motar takan rage kyau a hoto, amma ta fi jure rami.

Sauran kayan kowa ya san su: tocilar da ake ɗaurawa a goshi, safar hannu saboda janti mai zafi, tabarma, ruwan sha mai yawa, batirin cajin waya, da tsabar kuɗi a hannu domin ba ko'ina ake samun layi ba. Alamar nan mai kusurwa uku ta fi rassan itacen da aka saba jerawa a titi, musamman da dare. Dokar Faransa ta ce a ajiye ta aƙalla mita 30 daga mota, kuma a hanyar da manyan motoci ke sheƙa gudu gara a ƙara nisa. Fasinjoji su fita su koma can nesa da kwalta. Lambar ƴan sanda 17 ce, ta ƴan kwana-kwana 18.

Lokacin tashi ma yana cikin shiri. A wasu sassan jihohin Tillaberi da Tawa, da kuma yankunan Maraɗi da ke bakin iyaka da Najeriya, matsalar tsaro ta sa tsayuwa a daji bayan magariba ba ƙaramin haɗari ba ce, balle da motar da ke jan ido. Wanda ya tashi da asuba, ko ya ɓata awa biyu a kan faci, zai shiga gari da sauran rana. Idan kuwa dare ya yi kuma wurin bai kwanta wa direba a rai ba, ya lallaɓa a hankali a kan tayar da ta sace har zuwa gari ko shingen jandarma mafi kusa, ko da hakan zai ci tayar da jantinta.